Da Na Sani Ƙeya Ce: Dokokin Labaran Tsallaka Zamani

Hausawa sun ce "da na sani" ƙeya ce, kullum a baya take. Duk ɗalibin da ya taɓa miƙa takardar jarrabawa, yana taka bakin ƙofa amsar ta faɗo masa, ya san zafin wannan karin magana. Haka ma wadda ta yaɓa wa ƙawarta baƙar magana a gaban 'yan aji, ta kwana tana juyi a kan tabarma. A irin wannan hali abu ɗaya zuciya ke raya wa mutum: ina ma ana komawa jiya.

A zahiri ba a komawa. A cikin littafi kuwa ana komawa, kuma marubutan da ke yi wa yara da matasa rubutu a Turai da Amurka da Japan sun fi shekara 100 suna jujjuya wannan tunani. Irin waɗannan labarai, inda jarumi ke barin zamaninsa ya faɗa wani, ko na baya ko na gaba, su ne za mu kira labaran tsallaka zamani.

Wanda bai saba karanta su ba zai ɗauka labarai ne na ganin dama, tunda abin da ba zai yiwu ba ake ba da labari. To, ba haka abin yake ba. Duk wanda ya yi fice a cikinsu, za ka tarar marubucinsa ya kafa doka tun farko, ya bi ta har ƙarshe, sannan ya sa jarumi ya biya kuɗin fito kafin ya haye. Ƙannena ɗalibai, in kuka gane waɗannan abubuwa biyu, doka da kuɗin fito, za ku ƙara jin daɗin karatun, kuma za ku iya rubuta naku. Sai dai ku yi haƙuri, dole in tona ƙarshen wasu littattafan.

Daga ina aka faro?

Tun kafin a yi tunanin na'ura, akwai labaran mutanen da suka yi barci suka farka a wani zamani. A 1819 marubucin Amurka Washington Irving ya fitar da labarin Rip Van Winkle, wani malalacin magidanci da ya yi barcin shekara 20 a kan dutse. Da ya sauko gari sai ya ce shi talakan Sarkin Ingila ne, bai san Amurka ta riga ta sami 'yancin kai ba. A 1843 kuma Charles Dickens ya rubuta A Christmas Carol, inda aka nuna wa wani marowacin attajiri ƙuruciyarsa da halin da yake ciki da kuma kabarinsa, duk a dare ɗaya.

Wanda ya kawo na'ura ta zauna daram a cikin irin wannan labari shi ne H. G. Wells, Baturen Ingila, da littafinsa The Time Machine na 1895. Jarumin ya ƙera abin hawa, ya ja linzami, ya sauka a shekara ta 802,701. Can ya tarar ɗan'adam ya rabu gida biyu: Eloi, kyawawa marasa aikin yi da ke zaune a doron ƙasa, da Morlock, waɗanda ke kula da injuna a ƙarƙashin ƙasa, da dare kuma su fito su cinye Eloi. Wells yana jan kunnen Ingilar zamaninsa ne a kan tazarar da ke tsakanin masu kuɗi da leburori.

Yara sun shigo fagen ne a 1906, lokacin da Edith Nesbit ta rubuta The Story of the Amulet. Wasu yara 'yan gida ɗaya a Landan suka sami rabin wata tsohuwar laya, ta zame masu ƙofa zuwa Babila da tsohuwar Masar, suna neman ɗaya rabin. Tun daga nan aka ga cewa yaro ya dace da wannan tafiya, domin dama shi baƙo ne a duniyar manya, tambaya ba ta yi masa wuya.

Ƙofar shiga

Abu na farko da marubuci ke yanke shawara a kai shi ne ta ina za a wuce. A littattafan matasa ba kasafai ake ganin katafariyar na'ura ba. An fi amfani da abin da ke kusa da hannu.

A Tom's Midnight Garden na Philippa Pearce, wanda ya fito a 1958 ya kuma ci lambar yabo ta Carnegie, an tura Tom gidan 'yan uwa saboda ɗan'uwansa ya kamu da ƙyanda. Gidan ba shi da filin wasa. Wata rana da tsakar dare tsohon agogon zaure ya buga sau 13. Tom ya buɗe ƙofar baya, sai ga wani makeken lambu wanda da rana babu shi, a ciki ya haɗu da wata yarinya mai suna Hatty. Duk zuwan da ya yi sai ya tarar shekarunta sun canza, shi kuwa yana nan yadda yake. A ƙarshe ya gano Hatty ita ce tsohuwar nan mai gidan da ke zaune a saman bene, tana mafarkin ƙuruciyarta, shi kuma yana shiga cikin mafarkin.

A Japan, Yasutaka Tsutsui ya fitar da littafin da aka fassara da The Girl Who Leapt Through Time a 1967. Ƙofar a nan ƙanshi ne: wata ɗaliba mai suna Kazuko tana sharar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ta shaƙi ƙanshin furen lafanda, ta suma, bayan nan ta fara tsallaka lokaci. A Jamus kuma Kerstin Gier ta sa abin ya zama gado a cikin jini a littafinta Rubinrot na 2009.

Me ya sa ake zaɓen agogo da ƙofa da ƙanshi? Domin mai karatu ya san su. In aka ce ƙofar bayan gida ce, to ka taɓa buɗe irinta, ba sai an ɓata shafi goma ana yi maka bayanin waya da ƙusa ba. Ana son a wuce ƙofar da sauri a kai ga abin da ya fi muhimmanci, wato me zai faru in an taɓa abin da ya wuce.

Doka ta ɗaya: abin da ya faru ya faru

Akwai wata tsohuwar sarƙaƙiya da kowane marubucin wannan fanni ke cin karo da ita. A ce mutum ya koma baya ya hana kakansa auren kakarsa. Ke nan ba za a haifi ubansa ba, shi ma ba za a haife shi ba. To, in ba a haife shi ba, wa ya koma ya hana auren? Hanyoyin da marubuta ke bi su fita daga wannan tarko su ne dokokin da muke magana a kai.

Hanya ta farko ita ce a ce tarihi ba ya canzawa, tafiyar jarumi ma tana cikin tarihin tun asali. Misalin da ya fi shahara shi ne littafi na uku na Harry Potter, The Prisoner of Azkaban, wanda J. K. Rowling ta fitar a 1999. An ba Hermione wani ɗan agogon rairayi na ratayawa a wuya don ta riƙa halartar darussa biyu da suka faɗo lokaci ɗaya. Sharaɗin shi ne kada kowa ya gan ta. A ƙarshen littafin ita da Harry suka juya agogon sau uku, suka koma baya da awa uku.

Ga inda gwanintar take. Kafin su koma, dodanni sun rutsa Harry a bakin tafki, sai wani mutum daga ɗaya gaɓar ya kore su da sihiri. Harry ya ɗauka mahaifinsa ne da ya rasu. Da ya koma baya sai ya laɓe yana jiran uban ya bayyana. Shiru, babu kowa. Nan ya gane ashe kansa ya gani, ya fito ya yi aikin. Bai canza komai ba, ya dai cika abin da ya riga ya faru. Yaron da ke jiran babba ya zo ya cece shi ya gano cewa shi ne zai tsaya wa kansa.

Wannan doka tana buƙatar marubuci ya binne alamomi tun farko. A When You Reach Me na Rebecca Stead, wanda ya fito a 2009 ya ci lambar Newbery a 2010, wata yarinya mai suna Miranda a birnin Niyok tana samun wasiƙu marasa suna masu faɗin abin da bai faru ba tukuna. Sai a ƙarshe ake gane cewa tsohon nan mai kama da mahaukaci da ke kwana a bakin titinsu wani yaron makarantarsu ne da ya tsufa, ya dawo daga gaba don ya ceci ran abokinta daga babbar mota. Wanda ya sake karanta littafin zai ga an ajiye masa amsar a fili tun shafukan farko, shi ne bai kula ba.

Doka ta biyu: ka taɓa nan, can ya motsa

Hanya ta biyu ita ce a ce tarihi yana canzawa, amma ba yadda kake so ba. A gajeren labarin Ray Bradbury na 1952, A Sound of Thunder, wani kamfani a shekarar 2055 yana kai masu kuɗi farautar dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. An shimfiɗa wata hanya da ba ta taɓa ƙasa, an gargaɗi kowa kada ya sauka daga kanta. Wani mafarauci mai suna Eckels ya tsorata ya sauka. Da suka dawo gida sai suka ga rubutun allon kamfanin ya canza, wanda ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa kuma shi ne ya ci. Da Eckels ya duba ƙasan takalminsa, sai ga mataccen malam-buɗe-littafi.

Fim ɗin zane na 2006 da Mamoru Hosoda ya gina a kan littafin Tsutsui ya sauko da wannan doka cikin aji. Makoto ta sami damar komawa baya, ta yi ta ɓarnatar da ita a kan ƙananan abubuwa: ta sake jarrabawar da ta faɗi, ta kauce wa maganar da ba ta son ji. Sai dai duk abin da ta kauce wa, a kan wani yake sauka. Ta guje wa wani haɗari a darasin girki, ya faɗa wa wani ɗalibi, 'yan aji suka sa shi gaba da tsangwama. Daga baya ta lura da wata lamba a hannunta tana raguwa. Ashe tsallen ƙidayayye ne, kuma lokacin da ta fi buƙatarsa don ceton rai ta riga ta ƙarar da shi.

Doka ta uku: rana mai maimaita kanta

Hanya ta uku ita ce a kulle jarumi a cikin rana ɗaya. A Before I Fall na Lauren Oliver, wanda ya fito a 2010, Samantha 'yar sakandare ce mai farin jini, ita da ƙawayenta sun saba wulaƙanta wata yarinya mai suna Juliet. Ran 12 ga Fabrairu ta yi haɗarin mota da dare, ta farka ta ga safiyar 12 ga Fabrairu ce. Sau bakwai ta rayu a wannan rana. Da farko kanta take ƙoƙarin ceta. Da abin ya ƙi sai ta fusata ta yi abin da ta ga dama, tunda babu gobe. Sannu a hankali ta fara kallon mutanen da take wucewa ba ta gani, har ta gane irin ɓarnar da ba'arsu ta yi wa Juliet. A rana ta bakwai ta ture Juliet daga gaban mota, ita ta rasa ranta.

A wannan doka duniya tana nan yadda take, mutanen ma maganarsu ɗaya kullum. Jarumi kaɗai ke da damar canzawa, kuma ranar ba ta sakinsa sai ya canza.

Kuɗin fito

In kun lura, a duk misalan nan babu wanda ya haye kyauta. Tom ya rasa lambunsa. An goge wa Kazuko tunanin duk abin da ya faru. Wanda ya rubuta wa Miranda wasiƙu ya ba da ransa. Dalili kuwa shi ne, in jarumi zai iya gyara kowane kuskure ba tare da asara ba, mai karatu ba shi da abin fargaba, zai ajiye littafin ya kama wayarsa.

Kuɗin fiton ya fi nauyi idan tarihi na gaske aka shiga. A The Devil's Arithmetic na Jane Yolen na 1988, Hannah yarinya ce Bayahudiya a Amurka wadda ta gaji da jin tsofaffin gidansu suna tuna wahalar Yaƙin Duniya na Biyu. A wajen wani bikin iyali aka sa ta buɗe ƙofa, sai ta tsinci kanta a wani ƙauye a Poland a 1942. Ta san abin da sojojin Nazi za su yi, ta faɗa, babu wanda ya yarda da ita. Sanin tarihi bai hana a kai su sansanin mutuwa ba. Da ta dawo zamaninta, sauraron gwaggonta ya daina zame mata nauyi.

Kindred na Octavia Butler, wanda ya fito a 1979, ba don yara aka rubuta shi ba, amma ana karantar da shi a makarantu da dama a Amurka. Dana baƙar fata ce, marubuciya a Kalifoniya a 1976. Wani ƙarfi yakan fizge ta zuwa gandun bayi a jihar Maryland a farkon ƙarni na 19 duk lokacin da ran Rufus, ɗan mai gandun, ya shiga haɗari. Rufus ya girma ya zama azzalumi, amma shi ne kakan kakanninta. In ya mutu kafin a haifi 'yar da zuriyarsu ta fito daga gare ta, Dana ba za ta wanzu ba. A dawowarta ta ƙarshe ta rasa hannunta na hagu, daidai inda Rufus ya riƙe ta. Wanda ya shiga zamanin bauta ba ya fitowa lafiya lau, ko da a littafi ne.

Me kimiyya ta ce?

Wani zai tambaya ko akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan duka. Akwai ɗan kaɗan. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa: agogon da ke gudu da sauri yana jinkiri in aka gwada shi da wanda ke tsaye. A 1971 masana biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogunan atam masu tsananin daidaito a jiragen fasinja suka zagaya duniya. Da suka dawo, agogunan sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa, kamar yadda lissafi ya nuna. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar hannu ke amfani da su wajen nuna taswira, suna wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma dole injiniyoyi su riƙa gyara wannan bambanci.

Saboda haka bambancin gudun lokaci abu ne da aka auna. Komawa baya kuwa, babu gwajin da ya taɓa mayar da ko ƙwayar zarra jiya. Wannan fili na marubuta ne.

In za ka rubuta naka

Adabin Hausa ba baƙo ba ne ga labarin kimiyya. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawo a sararin samaniya. Wanda ya aika jaruminsa sama zai iya aika shi baya. Ga abubuwan da za ka tanada kafin ka ɗauki biro.

Ka zaɓi doka ɗaya ka rubuta ta a saman takarda. In ka ce tarihi ba ya canzawa, kada a babi na tara jaruma ta hana mutuwar kakarta don kawai ka ji tausayinta. Mai karatu yana yafe maka agogo mai buga 13, amma ba ya yafe maka karya dokar da kai ka kafa.

Ka san abin da jarumi zai rasa, kuma ya zama abin da yake so da gaske. In ta gyara sakamakon jarrabawarta, wa zai rasa gurbin da ta samu? In ya hana a kai shi makarantar kwana, wane aboki ne ba zai taɓa sani ba?

Ka yi bincike a kan zamanin da za a je, domin ƙananan abubuwa ke tona asirin marubuci. In jarumarka ta sauka a kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, takardar kuɗin da ke jakarta shara ce a wurin. In ta sauka a 1965, fam da sule ake kashewa, domin naira sai a 1973 ta fito, motoci kuma ta hannun hagu suke bi har zuwa 1972. In ka kai ta Kano a 1905, kada ta ji ƙarar jirgin ƙasa, sai a 1911 layin dogo ya iso. In kuwa a watan Fabrairun 1903 ta sauka, lokacin da sojojin Ingila suka ci birnin, ka tambayi kanka abin da Yolen ta tambayi kanta: yarinya baƙuwa mai baƙon tufafi ta ce ta san abin da zai faru gobe, wa zai saurare ta?

Kada ka mai da mutanen da wawaye don jaruminka ya yi fice. Ba su da waya, amma sun san rini da ƙira da fatauci har ƙetaren Sahara, sun san sunan kowace ciyawa da amfaninta. A tsakaninsu jaruminka ne jahili, bai iya hura wuta ba, bai iya gaisuwar fada ba, Hausarsa ma cike take da kalmomin da ba su taɓa ji ba. A nan abin dariya da abin tausayi na labarin suke.

Binciken ma ba sai an je nesa ba. Malamin tarihi yana nan, ɗakin karatu na makaranta yana nan, kuma a gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da suka kashe sule da hannunsu, suka ga ranar da motoci suka koma hannun dama. A wannan hutun ka ɗauki littafin rubutu ka zauna kusa da su. Ka tambaye su nawa ake sayar da mudun gero suna yara, wane wasa suke yi da dare, me suke tsoro, da abin da za su gyara da ana komawa. Ka rubuta amsar yadda suka faɗe ta, da ita za ka fara babi na ɗaya.